Bayan Ƙurunƙus: Yadda Gajerun Labaran Almara na Yamma Ke Siffanta 'Yan Jinsi Ɗaya da Suka Daɗe Tare

A watan Satumban 2020 wata 'yar majalisar dokokin Hangari mai suna Dóra Dúró ta tsaya gaban kyamara, ta yayyage wani littafin tatsuniyoyi shafi-shafi, tana cusa shi cikin injin niƙe takarda. Littafin tarin tsofaffin tatsuniyoyi ne da aka sake wa zubi, kuma a cikinsu akwai wadda ɗan sarki ya auri ɗan sarki. Wata ƙungiyar 'yan maɗigo mai suna Labrisz ce ta wallafa shi. Shekara ba ta zagayo ba, a watan Yunin 2021, majalisar ƙasar ta kafa dokar hana nuna wa 'yan ƙasa da shekara 18 abin da ke siffanta luwaɗi ko maɗigo ko sauya jinsi. A 2023 aka ci kamfanin sayar da littattafai na Líra tarar forint (kuɗin ƙasar) miliyan 12, saboda ya baje wani littafin matasa ba tare da ya naɗe shi a leda ba.

Idan irin wannan labari ya iso kunnen mai karatu a nan, a dunƙule yake zuwa: Turawa sun cusa neman jinsi cikin tatsuniya. Amma abubuwa uku ne ake gwamutsawa. Akwai littattafan yara, akwai finafinai, akwai kuma gajerun labaran almara da ake rubuta wa manya a mujallu. Na ukun ne mutane suka fi jahilta, alhali sau da yawa a cikinsa ake fara gwada abin da daga baya zai ɓulla a manyan littattafai da finafinai. A cikinsa ma akwai wani lungu da ya fi bayyana yadda abubuwa suka sauya: ba labarin waɗanda suka haɗu yau suka fara soyayya ba, labarin waɗanda suka shekara goma ko arba'in a gida ɗaya.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Fantasi shi ne sunan da Turawa ke kiran labarin da aka gina kan abin da ya saɓa wa al'ada: tsafi, aljanu, dodanni, ƙasashen da babu su a taswira. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Ganɗoki, ko ya saurari Dare Dubu da Ɗaya, ya san ƙamshin abin. A nan za mu riƙa ce masa almara.

Shi kuma “gajere” yana da ma'auni. Masu ba da kyautar Hugo, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wannan fanni, sun kasa shi uku: wanda bai kai kalma 7,500 ba, wanda ke tsakanin 7,500 da 17,500, sai mai ɗan tsawo da ke kaiwa 40,000. Abin da ya wuce nan ya zama cikakken littafi. Wannan ƙuncin fili yana da tasiri a kan batunmu, kamar yadda za a gani.

Kalmar “ma'aurata” ita ma tana da matsala. Ƙasar Holan ce ta fara halatta auren jinsi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Ingila a 2014, Amurka baki ɗayanta a 2015. Labarai da yawa an rubuta su kafin nan, wasu kuma an kafa su a duniyar ƙage wadda ba ta da waɗannan dokoki. Saboda haka “abokan zama” ya fi dacewa, sai inda labarin da kansa ya ce an ɗaura aure. Haka nan kalmominmu na luwaɗi da maɗigo suna nuni ne ga aiki, kuma hukunci na cikinsu tun daga furuci. Yawancin labaran da ake magana a kai ba sa nuna aikin ko kaɗan. Abin da suke nunawa gida ne: wa ya dafa, wa ya yi fushi, wa ya kwanta ciwo, wa dangi suka ƙi gaisarwa.

## Zamanin da gidan waya ke yanke hukunci

Ruwa ba ya tsami banza. Tsawon fiye da rabin ƙarni na 20 da wuya a sami irin waɗannan abokan zama a mujallun almara na Amurka, kuma dalilin bai tsaya ga ra'ayin marubuta ba. Mujallu masu araha irin su Weird Tales, wadda ta fara fita a 1923, ta gidan waya suke isa ga masu biyan kuɗin shekara. Dokar Comstock ta 1873 kuwa ta ba hukumar gidan waya ikon hana aika duk abin da ta ɗauka batsa ne. Edita da aka kama masa fitowa guda ya tafka asara. Don haka tun a teburinsa yake tace labari.

Marubuciya Marijane Meaker ta ba da labarin yadda abin yake daga ciki. Lokacin da ta rubuta littafinta Spring Fire na 1952, kan wasu 'yan mata biyu a jami'a, editanta ya gindaya mata sharaɗin cewa labarin ba zai ƙare da daɗi ba, don kada jami'an gidan waya su ce ana tallata abin. A masana'antar fim ma ƙa'idar Hays, wadda aka tsaurara daga 1934 har aka yi watsi da ita a 1968, ta hana irin wannan jigo. Daga nan wata al'ada ta kafu: idan ɗan luwaɗi ko 'yar maɗigo suka shigo labari, to ƙarshensu mutuwa, ko hauka, ko tuba. Vito Russo ya rufe littafinsa na 1981 kan tarihin finafinai da jerin sunayen irin waɗannan taurarin labari da yadda kowannensu ya mutu. Masu sharhi a Turance suna yi wa al'adar laƙabi da abin da ke nufin “binne 'yan luwaɗinka”.

Ma'anar wannan ga batunmu a fili take. Wanda doka ta ce sai ya mutu a shafin ƙarshe ba zai taɓa tsufa da kowa ba. Rashin abokan zama na dogon lokaci a tsofaffin labarai ba haka kawai ya faru ba, sakamakon tsarin ne kai tsaye.

An sami masu kewaye. A 1953 Theodore Sturgeon ya wallafa “The World Well Lost”, labarin wasu halittu biyu daga wata duniya da suka gudo saboda dukansu maza ne kuma suna son juna, da wani ma'aikacin jirgin sama jannati da ke ɓoye irin wannan sirri game da kyaftin ɗinsa. Labarin kimiyya ne ba almara zalla ba, amma mujallun gida ɗaya ne. A 1958 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya ba ONE, wata mujallar 'yan luwaɗi, damar bin gidan waya, ƙofa ta ɗan buɗe. A gefe guda kuma almara tana da tsohuwar al'adar jarumai biyu maza da ke yawon duniya tare, kamar Fafhrd da Gray Mouser na Fritz Leiber, waɗanda suka fara bayyana a 1939. Su abokai ne, kowannensu da 'yan matansa. Amma sun bar wa na baya zubi: mutum biyu, takobi biyu, shekaru masu yawa, faɗa da shiri. Marubutan da suka biyo baya ba su ƙirƙiro sabon gida ba, wannan suka shiga suka sauya ma'anar ɗaki.

## Daga 1979 zuwa mujallun intanet

Samuel R. Delany, baƙar fata ɗan Amurka, ya fitar da tarin labaran Nevèrÿon a 1979, inda Gorgik, tsohon bawa da ya zama jagoran 'yanta bayi, yake tare da wani saurayi mai suna Small Sarg. Zaman nasu ba na zuma da madara ba ne, akwai batun iko da mallaka a tsakiyarsa. A 1985 Delany ya ƙara da “The Tale of Plagues and Carnivals”, wanda ya haɗa annobar duniyar ƙage da cutar ƙanjamau a birnin New York. Shekarun ƙanjamau sun dawo da mutuwa cikin labaran, amma da wata fuska daban. A da mutuwar hukunci ce daga edita, yanzu ta zama shaidar abin da marubutan ke gani a asibitoci, inda mutum ke jinyar abokin zamansa na shekaru amma doka ba ta san shi a matsayin dangi ba.

Ellen Kushner ta bi wata hanya. Littafinta Swordspoint na 1987 ya buɗe ne da Richard St Vier, mai sana'ar takobi, da Alec, suna zaune tare tuni, kuma babu wanda ya damu da hakan a birninsu. Daga baya ta riƙa komawa gare su da gajerun labarai har zuwa tsufa. “The Death of the Duke” na 1998 ya nuna Alec ya dawo birni don ya mutu, “The Man with the Knives” na 2010 kuma ya nuna shi a wani tsibiri yana makokin Richard. Mai karatu ya bi mutum biyu daga ƙuruciya zuwa kabari a cikin guntaye, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

A 1997 Nicola Griffith da Stephen Pagel suka tattara labaran almara kan wannan jigo a littafin Bending the Landscape, ya kuma ci kyautar World Fantasy. Sai dai abin da ya sauya fagen da gaske kuɗi ne da fasaha. Strange Horizons ta buɗe a intanet a 2000, Clarkesworld a 2006, Tor.com da Beneath Ceaseless Skies a 2008, Uncanny a 2014. Kyauta ake karanta su, kuma da yawansu da gudummawar masu karatu suke rayuwa, ba da tallan manyan kamfanoni ba. Babu gidan waya, babu dillalin da zai ƙi ɗauka. Kuɗin da ke ciki ma ba shi da yawa: a 2019 aka sa ma'aunin biyan ƙwararru a santi 8 kan kowace kalma, wato labari mai kalma 5,000 dala 400 ke nan. Inda riba ba ta da yawa, tsoron asara ma ba shi da yawa, shi ya sa gwaji ya fi sauƙi a nan fiye da a fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi. A 2015 masu mujallar Lightspeed suka fitar da fitowa ta musamman wadda marubuta 'yan wannan rukuni kaɗai suka cika, ɗaya ta labaran kimiyya, ɗaya ta almara.

## Tatsuniya tana ƙarewa inda aure ya fara

Nan ne wahalar sana'ar take, kuma ba ta keɓanta ga 'yan jinsi ɗaya ba. Tatsuniya, tamu da ta kowa, tana son nema. Yaro ya ga 'yar sarki, an gindaya masa sharaɗi, ya kashe dodo, an ɗaura aure, ƙurunƙus. Abin da ya biyo bayan biki, wato cefane da gardama da ciwon baya, ba a cika ba shi fili ba. Marubucin da ya zaɓi mutum biyu da suka riga suka daidaita ya jefar da babbar igiyar da ke jan mai karatu, wato tambayar ko za su samu juna. Marubucin da ya zaɓi 'yan jinsi ɗaya ya jefar da igiya ta biyu, domin tsohon labarinsu kullum na ɓoyo ne da tonon asiri. Ga shi kuma fili kalma dubu biyar ne ko bakwai. Da me zai riƙe mai karatu?

Amsar da aka fi bayarwa ita ce lokaci. Almara tana da abin da labarin zahiri ba shi da shi, wato halittar da ba ta mutuwa. Zen Cho, 'yar asalin Maleshiya, ta ci kyautar Hugo a 2019 da labarin wani imugi, macijin tatsuniyar Koriya da ke shafe shekara dubu yana ƙoƙarin zama dodon sama. Wata mata mai suna Leslie Han ta hango shi yana hawa, ta ɓata masa aikin. Ya rikiɗa ya zama mace, ya je don ya cinye ta, sai zama ya kama su har Leslie ta tsufa ta mutu. Abin lura shi ne yadda labarin ya raba filinsa. Kasancewarsu mata biyu a idon jama'a bai ɗauki wuri mai yawa ba. Nauyin yana kan buri da gazawa, da yadda wanda zai rayu shekara dubu ke kallon gashin abokiyar zamansa yana fari. C. L. Polk, daga Kanada, ta juya dabarar a “Even Though I Knew the End” na 2022, wanda ya ci Nebula, wata babbar kyauta ta wannan fanni. A birnin Shikago na shekarun 1940, Helen ta sayar da ranta ga shaiɗan don ceton ɗan'uwanta, wa'adin shekara goma ya kusa cika, ga kuma Edith da suka gina rayuwa tare. Tambayar ba ko suna son juna ba ce, tambayar ita ce kwana nawa suka rage.

Hanya ta biyu gaskiya ce. A labarin John Chu na 2013, “The Water That Falls on You from Nowhere”, wanda ya ci Hugo a 2014, duniya ta wayi gari duk wanda ya yi ƙarya sai ruwan sanyi ya zubo masa daga sama. Matt ɗan gidan Sinawa ne a Amurka, ya daɗe tare da Gus, amma iyayensa ba su sani ba. Tsafin guda ɗaya ne tak, kuma aikinsa shi ne ya hana kowa kwana-kwana. Gus ya ce yana son Matt, ruwa bai zubo ba. Matt kuwa ya ƙware wajen zagaye magana don kada ya jiƙe. Da suka je gida hutun Kirsimeti, 'yar'uwarsa ce ta tsaya kai da fata, iyayen suka karɓi lamarin cikin sauƙi fiye da yadda ya zata. Labarin yana tsakiyar tsohon salo da sabo: har yanzu akwai tonon asiri, amma soyayyar kanta ba ita ake tuhuma ba.

Hanya ta uku ita ce surukai, kuma a nan barkwanci ke shigowa. Aliette de Bodard, Bafaranshiya mai tsatson Biyetnam, tana da Thuan, ɗan sarautar dodannin da ke ƙarƙashin kogin Seine a wani Faris da yaƙin tsafi ya rusa, da mijinsa Asmodeus, mala'ikan da aka koro. Aurensu na siyasa ne tun farko. A wani labarinta na 2020 sun je bikin sabuwar shekara gidan dangin Thuan, aka tsinci gawa a ƙofar ɗakinsu. Ɗaya mai son sulhu da littafi, ɗaya mai son wuƙa. Rikicin nasu irin wanda kowane mai aure zai gane ne: zo mu zauna, zo mu saɓa.

Kai Ashante Wilson kuwa da tsohuwar al'adar kanta ya yi wasa. A “A Taste of Honey” na 2016, mai karatu yana bin Aqib, wanda ya rabu da sojan nan Lucrio bayan kwana goma, ya auri 'yar sarki, ya haifi 'ya, ya tsufa da kewa. Sai a ƙarshe ta bayyana cewa wannan rayuwar duba ce wata boka ta nuna masa, rayuwar da bai zaɓa ba. A zahiri ya bi Lucrio, sun daɗe tare. Marubucin ya san mai karatu ya saba da mummunan ƙarshe, sai ya ba shi shi, sannan ya janye. Amma ko a nan akwai abin dubawa: shekarun zaman tare shafuka kaɗan suka samu, rabuwar ce ta cinye littafin. Wannan ya nuna cewa rubuta zaman lafiya ya fi rubuta baƙin ciki wuya, ko ga wanda ya yi niyya.

Idan aka jera waɗannan labarai, abu ɗaya ke fitowa. Jinsin abokan zaman ya tashi daga zama matsalar labari, ya koma shimfiɗar da ake ɗora wata matsala a kai. Wannan sauyin shi ne ainihin abin da ake faɗa a kansa.

## Inda ake kai ruwa rana

Abin mamaki, magoya baya da masu adawa ba su saɓa kan bayanin abin da ke faruwa ba. Dukansu sun yarda cewa labaran suna mayar da abin ya zama ruwan dare a idon mai karatu. Sun saɓa ne kan ko hakan alheri ne ko sharri.

Magoya baya suna cewa irin waɗannan gidaje suna nan a ƙasashensu, doka ta san da su, kuma adabin da ya ƙi nuna su ƙarya yake yi. Suna ƙarawa da cewa matashin da bai taɓa ganin irinsa ya tsufa a labari ba zai ɗauka ba shi da gobe. Sukan kafa hujja da binciken Edward Schiappa da abokan aikinsa na 2005, wanda ya nuna cewa sabawa da mutum ta allon talabijin na iya rage ƙyamar rukuninsa, kamar yadda cuɗanya ta zahiri ke yi.

Masu adawa ta fuskar addini, Musulmi da Kirista da Yahudawa masu riƙo da tsohuwar koyarwa, wannan hujjar ce dai suke juyawa. A wurinsu aikin haramun ne da nassi, kuma labarin da ya nuna shi cikin natsuwa, da shayi da jinya da tsufa, ya fi mai batsa ƙarara haɗari, domin mai batsa kowa na ganinsa ya kauce, wannan kuwa a hankali yake sauya abin da zuciya ke ƙyama. Gwamnatocin Hangari da Rasha sun gina dokokinsu kan wannan fahimta. Rasha ta fara da kare yara a 2013, ta faɗaɗa haramcin zuwa kowane shekaru a 2022. A Sin, inda labaran soyayyar maza da ake kira danmei ke da ɗimbin masu karatu mata kuma da yawansu almara ne, an yanke wa wata marubuciya mai laƙabin Tianyi ɗaurin fiye da shekara 10 a 2018, bisa dokar buga batsa don riba.

Akwai adawa ta uku wadda ta ce ita ta adabi ce. Ƙungiyar Sad Puppies, wadda Larry Correia ya fara a 2013, ta yi zargin cewa kyautar Hugo ta koma hannun masu fifita saƙon siyasa a kan labari mai daɗi. A 2015 su da wata ƙungiya mai zafi da ake kira Rabid Puppies suka cika jerin 'yan takara da zaɓinsu. Masu ƙuri'a suka mayar da martani da ƙin ba kowa kyauta a rukuni biyar, har da na gajeren labari. Abokan hamayyarsu sun ce batun ba na inganci ba ne, ƙyashi ne ganin mata da baƙaƙe da 'yan jinsi ɗaya suna cin kyauta. Kowane ɓangare na da misalan da yake nunawa, kuma daga baya an sauya tsarin ƙidayar zaɓen fidda 'yan takara don hana wani gungu mamaye jerin.

A cikin gidan magoya bayan ma tsugune ba ta ƙare ba. Wasu na son duniyar ƙage da babu tsangwama sam, don mai karatu ya huta. Wasu na ganin hakan share tarihi ne, da mantawa da waɗanda har yanzu ke ɓoye. Akwai masu sukar cewa mutum biyu, gida ɗaya, mutu-ka-raba, kwaikwayon auren gargajiya ne kawai aka yi wa sabon fenti don masu rinjaye su karɓa. Akwai kuma rigimar mutuwa. Bayan ƙurar da kashe wata 'yar maɗigo a cikin labarin shirin talabijin na The 100 ta tayar a 2016, wasu masu karatu sun koma ƙin duk labarin da ɗayan abokan zama ya mutu. Marubuta suka ce to ai duk zaman da ya daɗe da mutuwa yake ƙarewa, hana ta hana tsufa ne. Labarin Zen Cho ya ƙare da mutuwa, amma ba wanda zai haɗa shi da sharaɗin editan 1952. Bambancin yana ga ko mutuwar hukunci ce ko cikar kwana.

Sai kuma ƙorafin ambato ba nuni. Da J. K. Rowling ta faɗa a wani taro a New York a 2007 cewa Dumbledore na littattafanta na Harry Potter ɗan luwaɗi ne, masu adawa sun fusata, wasu magoya baya kuma suka ce ai ba a rubuta shi a shafi ba, don haka ba a bakin komai yake ba. A gajeren labari wannan ƙorafi yakan ɗauki siffar jimla guda, inda za a ce mai masauki da mijinsa, a wuce. Wasu na ganin ci gaba ne, wasu na ganin ado ne kawai.

## Abin da ya shafi mai karatu a nan

A Najeriya matsayin doka ba ɓoyayye ba ne. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga kafa ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Jihohi 12 na Arewa suna da dokokin shari'a masu nasu hukuncin, Kano kuma tana da hukumar tace finafinai da ɗab'i tun 2001. Ra'ayin mafi yawan jama'a, Musulmi da Kirista, yana tare da haramcin.

Amma mujallun da aka ambata ba sa bi ta kan iyaka ko kantin littattafai. Duk mai waya da data zai buɗe su. Ga iyaye da malamai, abin sani shi ne kalmar almara ba ta nufin na yara. Waɗannan mujallu na manya ne, kuma ba su da alamar shekaru irin ta finafinai. Wasu kan sa gargaɗi a saman labari kan zubar da jini ko fyaɗe, amma ba sa ɗaukar kasancewar abokan zama 'yan jinsi ɗaya abin gargaɗi, don a ma'auninsu ba shi ba ne. Take da hoton bango ma ba za su nuna ba, tun da sau da yawa labarin na dodo ne ko na kisan kai, zaman gidan yana gefe.

Ga marubuta lissafin ya fi sarƙaƙiya. 'Yan Najeriya sun shiga wannan kasuwa da ƙarfi. Mujallar Omenana ta fara fita a 2014, kyautar Nommo ta marubutan almara na Afirka ta fara a 2017, Oghenechovwe Donald Ekpeki kuma ya ci Nebula a 2022. Matashin da ya ƙware a rubutu a Wattpad ko WhatsApp, ya fara tunanin aika labari waje don a biya shi da dala, zai tarar labarinsa na iya fitowa kafaɗa da kafaɗa da irin waɗanda aka bayyana a sama. Ƙa'idojin mujallun ba su wajabta wa kowa rubuta wannan jigo ba, kuma labarai masu yawa da suke bugawa ba su taɓa shi ba. Sai dai da yawansu sun rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar labarin da ke cin zarafin wannan rukuni. Wanda kuma ya zaɓi ya rubuta jigon yana zaune a gida, da mai fassara shi zuwa Hausa, da mai sayar da shi, su ne ke fuskantar kalmomin dokar 2014 kan nunawa “kai tsaye ko a kaikaice”. Masu fim ɗin Ìfé, labarin wasu mata biyu a Legas, sun gamu da gargaɗin hukumar tace finafinai ta ƙasa a 2020, suka ƙare da sakin fim ɗin ta intanet maimakon gidajen kallo.